Duk sanda maƙogwaro ya kama ni fitsarina sai ya koma kalar shayi, in cire tonsil ne?

Wata ƙanwata ce ta turo wannan saƙon, ta ce in amsa a fili ko wasu za su amfana amma in sakaya sunanta. Ga abin da ta rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum likita. Shekarata 26, watana takwas da aure. Tun ina makaranta duk sanda ciwon maƙogwaro ya kama ni, kafin kwana biyu fitsarina ya koma kalar baƙin shayi. An sha ba ni maganin tsargiya ba canji. Bara aka ciri ɗan naman ƙodata aka gwada aka ce ina da ciwon ƙoda na IgA, furotin a fitsarina giram 1.2 a rana, aka ɗora ni a kan losartan. Gaskiya in fitsarin ya washe ina ajiye maganin. Maƙogwaron kuma a shekara yana kama ni sau shida ko bakwai. Yayana ya gani a intanet wai a Japan cire tonsil ake yi a warke gaba ɗaya, surukata kuma ta ce beli ne, a kira wanzami kawai. Ga shi ina son haihuwa. Dan Allah me zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Na karanta saƙonki kuma gaskiya abin da ya fi tayar min da hankali ba maganar tonsil ɗin ba ce, layin nan ne da kika ce in fitsari ya washe kina ajiye magani. Zan dawo kansa. Amma bari in fara da maganar wanzami tunda ita ce ba ta buƙatar dogon bayani.

Kar ki yarda, dan Allah kar ki yarda. Beli daban tonsil daban. Beli shi ne ɗan naman nan guda ɗaya da ke reto a tsakiya in kin buɗe baki, tonsil kuma guda biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu can ciki, su ne suke kumbura su yi ja har wani lokacin su yi farin ruwa-ruwa. Ko an yanke belin nan tas babu abin da zai canza a ƙodarki, sai dai ki kwaso zubar jini, ko ciwon sandarewar tsoka wato tetanus, ko ciwon hanta nau'in B daga askar da aka yi wa wani aiki da ita, shi kuma ciwon hantar B da kansa yana taɓa ƙoda, kinga an ƙara miki kaya a kan kaya. Surukarki ba da mugunta take faɗa ba, abin da ta taso ta gani ke nan, to kar ki yi musu da ita ke kaɗai, ki sa maigidanki ya je asibiti tare da ke ya ji da kunnensa, shi ya san yadda zai yi wa mahaifiyarsa bayani ba tare da an ga kamar amarya ce ke raina manya ba.

To yanzu maganar yayanki. Bai yi ƙarya ba, abin da ya gani rabin labari ne kawai, kuma in kin fahimci yadda ciwon yake za ki gane inda rabin ya tsaya.

IgA wani sinadarin garkuwar jiki ne da kowa yake da shi, aikinsa yana wuraren da jiki ke haɗuwa da abin waje, hanci, maƙogwaro, hanji, yawu, hawaye, har ruwan nono. Tonsil na cikin wuraren da ake kera ƙwayoyin da ke samar da shi, duk ƙwayar cutar da ta shigo ta baki ko hanci a nan ake fara cin karo da ita. A jikin mai irin ciwonki, wani kaso na IgA ɗin yana fitowa da naƙasu, akwai wani ɗan sukari da ake kira galaktos da ya kamata ya rufe wani sashe nasa amma sai ya zo bai cika ba. In wannan mai naƙasun ya yi yawa a jini sai jiki ya daina gane shi a matsayin nasa, ya kera wasu sinadaran su kama shi, su dunƙule, jini ya kwashe su ya kai ƙoda. Ita kuma ƙoda kamar rariya ce mai ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya a kowace, dunƙulen nan sai ya maƙale a cikinsu ya tayar da kumburi, daga nan jini da furotin da bai kamata su wuce ba su fara zuba cikin fitsari. Shi ya sa duk sanda maƙogwaro ya kama ki, tonsil ya tashi aiki, IgA ya ƙaru har da mara kyaun, kwana ɗaya ko biyu ki ga fitsari ya canza. Wannan saurin ma alama ce da likitoci ke dubawa, domin akwai wani ciwon ƙodar da ke bin ciwon maƙogwaro, wanda ya fi kama yara, shi sai bayan sati ɗaya zuwa uku yake bayyana. Tsargiya kuwa jininta ja ne kuma yawanci a ƙarshen fitsari yake ɗigowa, ba ruwanta da maƙogwaro. A wajenmu kusan duk wanda ya ce fitsarinsa da jini tsargiya ake fara kawowa a rai, da dalili kuwa tunda tana da yawa, amma in an sha magani sau ɗaya sau biyu ba canji ya kamata a duba wani wajen, kuma na ji daɗi da aka kai ga yi miki bayofsi, wato cirar ɗan naman ƙodar nan da aka gwada, domin wannan ciwon babu yadda za a tabbatar da shi sai da naman ƙoda. Wani likitan Faransa mai suna Jean Berger ne ya fara bayyana shi a 1968 a Paris, ta hanyar ganin IgA ɗin a maƙale cikin naman ƙoda.

Wani abu da ke nuna cewa asalin matsalar ba a ƙoda take ba, akwai masu ciwon da ake yi wa dashen ƙoda lafiyayya daga wani mutum, bayan shekaru IgA ɗin ya sake maƙalewa a sabuwar. Kenan tushen yana can wajen da ake kera shi. To daga nan ne likitocin Japan suka yi tunani, in tonsil na cikin masu kerawa, me zai hana a cire shi?

A birnin Sendai wani likita mai suna Osamu Hotta da abokan aikinsa suka fitar da sakamako a 2001 a kan marasa lafiya 329, suka nuna cewa waɗanda aka cire wa tonsil aka kuma yi musu ƙarin ruwan sitiroyid mai ƙarfi, wato maganin da ke rage kumburi yana danne garkuwar jiki, sun fi samun fitsarinsu ya koma daidai. Ki lura da kyau, ba cirewa kaɗai ba, cirewa da sitiroyid ta jijiya sannan na sha na tsawon watanni. Wannan haɗin ya bazu a asibitocin Japan har yau. A 2014 aka fitar da wani gwaji da aka raba mutane 72 gida biyu, wasu cirewa da sitiroyid wasu sitiroyid kaɗai, bayan shekara ɗaya furotin ya fi sauka a waɗanda aka cire wa, amma yawan waɗanda fitsarinsu ya warke sarai bai bambanta sosai ba. A 2019 kuma wani bincike na mutum 1,065 duk a Japan ya nuna waɗanda aka cire wa ƙodarsu ta fi jimawa ba ta lalace ba, sai dai shi wannan bibiyar tarihin marasa lafiya ne, ba gwajin da aka raba mutane da ƙuri'a ba, kuma irinsa ba ya iya tabbatar da cewa aikin ne ya jawo bambancin.

Sai a tsallaka Turai. Akwai babban binciken da ake kira VALIGA mai mutum 1,147 daga ƙasashen Turai, da aka duba waɗanda aka taɓa cire wa tonsil a cikinsu aka kwatanta da irinsu da ba a cire wa ba, ba a ga amfanin da za a iya nunawa ba. Saboda haka jagorar KDIGO, wadda likitocin ƙoda na duniya ke bi, a 2021 ta ce kar a cire wa Turawa tonsil da sunan maganin wannan ciwon, a Japan kuwa jagorarsu ta gida ta yarda da shi. Me ya kawo wannan bambancin? Ciwon kansa ya fi yawa kuma ya fi zafi a gabashin Asiya, akwai bambancin gado. Sannan a Japan tun shekarun 1970 ake gwada fitsarin 'yan makaranta, to ana kama ciwon tun yana ɗanye ƙoda ba ta yi tabo ba, abin da ya yi aiki a wannan matakin ba lallai ya yi wa wanda ya shekara goma da ciwon ba. Mu kuma baƙaƙen fata ciwon bai cika yawa a cikinmu ba, kuma waɗannan binciken duk a kan mutanen Asiya da Turai aka yi su. Don haka duk wanda ya ce miki tabbas in an cire za ki warke, ya faɗi abin da binciken bai faɗa ba.

Akwai kuma dalili na cikin jiki. Tonsil biyun nan ba su kaɗai ke kera IgA ba. Akwai irin namansu a bayan hanci da gindin harshe, akwai ɓargo, sannan mafi girma shi ne hanji, musamman ƙarshen ƙaramin hanji inda irin waɗannan ƙwayoyin suke taru. Hujja mai ƙarfi a kan haka ita ce ɗaya daga cikin sababbin magungunan ciwon, wanda ake sayarwa da sunan Tarpeyo a Amurka, Kinpeygo a Turai, sitiroyid ne da aka yi wa kwanso na musamman yadda ba zai narke ba sai ya isa daidai wannan wurin a hanji, ana shan miligiram 16 kullum na wata tara, kuma an nuna yana rage furotin yana rage saurin lalacewar ƙoda. Amurka ta fara amincewa da shi a Disamban 2021. Kinga ko an cire na maƙogwaro na hanjin yana nan yana aikinsa.

To ni a ganina ga yadda za ki yi da maganar tonsil. Ki raba tambayar gida biyu. Ta farko, shin tonsil ɗinki sun cancanci cirewa don kansu, ko da ba ki da ciwon ƙoda? Likitocin kunne, hanci da maƙogwaro suna da ma'auni, in mutum ya yi ciwon tonsil mai ƙarfi sau bakwai a shekara ɗaya, ko sau biyar-biyar shekara biyu a jere, ko sau uku-uku shekara uku a jere, ana iya yi masa aikin. Ke da kika ce sau shida ko bakwai kuma tun kina makaranta, akwai yiwuwar kin shiga ciki, amma sai likita ya duba ya tabbatar tonsil ne ba mura ko ƙaiƙayin maƙogwaro na ƙura da sanyi ba, domin lokacin hunturu kowa ma yana fama. In ya duba ya ce sun cancanta, likitan ƙodarki ma ya amince, ni ba zan hana ki ba, za ki huta da ciwon kuma mai yiwuwa baƙin fitsarin ya ragu. Ta biyu, shin a cire su don kawai a warkar da ƙoda ki ajiye magani? Wannan kam a'a. Kuma ki sani aikin ga babba ba wasa ba ne, sai an sa ki barci, za ki yi kusan sati biyu haɗiya tana wahala, akwai haɗarin zubar jini musamman daga kwana biyar zuwa goma bayan aikin, a asibiti mai kayan aiki ake yinsa. In za a yi ki gaya musu tun farko kina da ciwon ƙoda saboda kar a ba ki diclofenac ko ibuprofen don ciwo, kuma a yi shi kafin ciki ba a cikinsa ba.

Yanzu in dawo kan abin da ya dame ni. Kalar fitsari ita ce take ba ki tsoro na sani, amma ba ita ke cinye ƙoda ba. Baƙin nan yawanci da kansa yake washewa cikin 'yan kwanaki ko kin sha magani ko ba ki sha ba. Abin da ke cin ƙoda a hankali shi ne furotin da ke zuba kullum da hawan jini, kuma dukansu ba a ganinsu da ido, iyaka ki ga kumfa a fitsari. Giram 1.2 a rana ba ƙaramin abu ba ne, burin da ake so a kai shi ne ƙasa da 0.5, in da hali ma ƙasa da 0.3. Losartan ba maganin kalar fitsari ba ne, yana rage matsin da ke cikin matatan ƙoda ne, kuma ranar da kika ajiye shi ranar matsin zai dawo. Wallahi mutane da yawa a haka suke zuwa ga wankin ƙoda, ba don babu magani ba, sai don jikinsu bai taɓa gaya musu suna ciwo ba. A tsoffin alƙaluma, tsakanin kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari na masu ciwon ƙodarsu kan gaza cikin shekara ashirin, kuma yawan furotin ne babban abin da ke nuna wa zai shiga wannan sahun. Ke shekararki 26, ƙodar nan muna so ta kai ki tsufa.

Don haka ki sha kullum, kuma likita zai riƙa ƙara yawansa har iya abin da jikinki zai ɗauka yana duba kiriyatinin, wato sinadarin da ke nuna ƙarfin aikin ƙoda, da fotasiyam, wani gishirin jiki, a jini. Ki sayi na'urar awon jini ta gida in da hali, ana so ya zauna wajen 120 bisa 70. Gishiri kar ya wuce giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin lissafin har da magi da sauran dunƙule, da garin taliyar yara, da kilishi da yajin tsire da kifin gwangwani, ba gishirin da kika barbaɗa kaɗai ba. Daddawa, tafarnuwa, citta da albasa za su riƙe miki miya. Maganin ciwon jiki na kyamis irin wanda ake haɗawa a leda ki rabu da shi, farasitamol ya ishe ki. Jiƙe-jiƙen sanyi da basir da kayan mata da ba a san abin da ke ciki ba, a matsayinki na amarya na san za a yi ta kawo miki, ki karɓa ki gode ki ajiye. Man bilicin ma haka, wasu suna da makuri a ciki, wani ƙarfe mai guba, kuma yana sa ƙoda zubar da furotin.

In an yi haka furotin bai sauka ba akwai mataki na gaba, kuma sabuwar jagorar KDIGO ta 2025 ma ta fi karkata ga kar a daɗe ana jira. Akwai dapagliflozin da empagliflozin, asalinsu na ciwon suga ne amma an tabbatar suna kare ƙoda har ga wanda ba shi da suga, kuma ana samunsu a manyan kyamis. Akwai sitiroyid na sha, wanda wani babban gwaji da ake kira TESTING ya nuna yana aiki amma sai da aka dakatar da zagayen farko saboda cututtuka masu tsanani da suka kama mutane, aka dawo da rage yawansa tare da maganin rigakafin ciwon huhu, shi ya sa ba abin da za ki saya da kanki ba ne. Sababbin irin su sparsentan da iptacopan suna da tsada ƙwarai kuma samunsu a nan ba sauƙi. Ki tambayi likitanki abin da sakamakon bayofsinki ya nuna a ma'aunin Oxford, haruffa biyar ne, M, E, S, T da C, wanda ya fi muhimmanci ki sani shi ne T domin shi ke nuna yawan tabon da ya riga ya zauna, da shi da ƙarfin tacewar ƙodarki ne za a san wane magani ya dace da ke.

Maganar haihuwa kuma, insha Allahu za ki haihu, mata da yawa masu wannan ciwon sun haihu lafiya musamman in ƙoda na aiki da kyau kuma jini bai hau ba. Amma losartan yana cutar da ƙodar jariri a ciki, haka su dapagliflozin da sparsentan ba a shan su da juna biyu. To kar ki bari cikin ya zo ba shiri, kuma kar ki ajiye magani da kanki saboda kina nema. Ku zauna ke da maigida da likitan ƙoda da na mata, a ba ki 'yan watanni a sauke furotin tukunna, a yi maganar tonsil in za a yi, sannan a canza miki zuwa maganin hawan jini da ya dace da mai ciki irin su labetalol ko nifedipine ko methyldopa, yawanci ana ƙara ƙaramin asfirin don rage haɗarin jijjigar masu ciki. Na san za a fara tambaya a gida in shekara ta zagayo shiru, shi ya sa nake ta cewa maigida ya shigo cikin maganar tun yanzu. In kuma kin ga batan wata kina kan losartan, ki yi gwaji a ranar ki kira likita, kar ki jira ranar awo.

In maƙogwaro ya sake kama ki, ki je a duba ko na bakteriya ne a ba ki maganin da ya dace, ki sha ruwa sosai. In baƙin fitsarin ya wuce sati bai washe ba, ko fitsarin ya ragu, ko fuska da ƙafa suka kumbura, ko ciwon kai mai tsanani da amai, ki tafi asibiti a ranar a gwada kiriyatinin, domin wani lokacin ƙoda kan tsaya farat ɗaya a irin wannan yanayin. In kin je ganin likitan maƙogwaro ki tafi da takardar bayofsin da sakamakon fitsarinki na ƙarshe, sannan ki rubuto min abin da suka ce.